Ɗinkakkiyar Ƙwarya

Abin da ya fara ɗaukar idona a jikin mutumin nan shi ne yadda yake karɓar ƙwarya. Ranar kasuwar Malumfashi ce, da kaka. Na sauke audugar gidanmu a rumfar masu saye, na ɗaure jaki, na nufi gindin tsamiyar da fatake ke shan inuwa. Wata dattijuwa mai fura ta dama ta miƙa masa. Bai kai baki ba. Ya ɗaga ƙwaryar, ya juya ta a hankali, yana bin bayanta da yatsa har ya zagayo inda ya fara. Da ya tabbata babu ɗinki a jikinta, sannan ya ja amawalin rawaninsa ƙasa ya sha. A nan na ga tsagar da ke kumatunsa. Irin ta Maguzawan yamma da mu ce, na tsakanin Funtua da Dandume, amma Hausar bakinsa ta mutanen kudu ce, mai nauyi, kamar an ɗauko ta daga nesa a kan jaki.

A lokacin ban daɗe da fara tsiron gemu ba. Duk ƙauyenmu, can kusa da Kafur, an san ni da abu guda, son labari. Ban yi zurfi a allo ba. Karatuna na gaskiya a kasuwa na yi shi, a gaban masu ba da labaran masoya: saurayin da ya ƙetare koguna saboda ya taɓa jin tarin wata ta bayan zana, budurwar da ta ƙi kitso har masoyinta ya dawo daga fatauci. Nakan koma gida ina gardama da mutanen labarin a hanya, ina ba wannan haƙuri, ina yi wa wancan faɗa, jaki na saurare. Baffana, ƙanin mahaifina wanda ya riƙe gidanmu bayan rasuwar tsohon, yakan ce a cikinmu biyu jakin ne ya san abin da ya kai shi kasuwa.

Mutumin falke ne. Da ayarin goro ya zo, suka yada zango a bayan gari suna sayen zare da saƙi, da niyyar juyawa kudu in an gama kaka. Abokan tafiyarsa sun ce babu kamarsa wajen labari, shi ke rage musu nisan hanya. Sun kuma ce wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe, ya rantse in ya ƙetare kogin Kwara a wannan karon ba zai sake taka arewa ba.

Da ya ajiye ƙwaryar, ya goge baki, mutane suka matso. Ya ce labarin ƙagagge ne, a hanya ya tsince shi, kada kowa ya nemi garin da aka yi shi. Sannan ya ce, “Yau labarin matar da ba ta gane ɗanta ba zan ba ku.”

Ga yadda ya kawo shi. Wata mata ce a wata unguwar manoma, tana da ɗan fari. Yaron bai kai fara kiwo ba mahara suka faɗa wa unguwar, suka tafi da shi. Aka sayar da shi daga hannu zuwa hannu har hayin babban kogi, ya tashi a cikin bayin wani attajiri, inda duk yaran da ke kwana tare babu mai uwa. Abin da ya riƙe daga gida kaɗan ne: sunan unguwar, da wata ɗorawa mai rassa biyu a ƙofar gida, da tsagar fuskarsa. Ya girma, ya fanshi kansa, ya musulunta, ya shiga fatauci, ya yi dukiya. Wata shekara hanya ta biyo da shi kusa, sai ya ratse tare da abokai biyu, ya yi tambaya har ya ga ɗorawar. Ya ƙudura a ransa ba zai faɗi ko shi wane ne ba. In uwa ce, ta gane shi da kanta.

Suka yi sallama da rana tsaka, maza duk suna gona. Tsohuwar ta fito da fara'a, ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa a sabuwar ƙwarya mai zane. Ta tambayi na farko sunansa da garinsu, ta yi masa ba'a a kan ƙurar ƙafarsa. Ta tambayi na biyu. Ƙwaryar ta iso hannun ɗanta, ya sha. Da ya ɗago, sai ya ga ta juya masa ƙeya. Ba ta tambayi sunansa ba, ba ta tambayi garinsu ba. Ta shige gida. Can sai ga wata maƙwabciya ta fito da fura: abokansa a sababbin ƙore, shi kuwa a wata tsohuwar ƙwarya baƙa, wadda gyartai ya ɗinke tsagewarta. Tsohuwar ba ta sake leƙowa ba. Sai ƙarar taɓarya da suka riƙa ji daga ciki, tana dakanta kamar babu baƙi a ƙofa. Saurayin ya ajiye ƙwaryar, ya ce wa abokansa su tashi. Ya tafi da dukiyarsa. Daga baya matar ta ji wanda ta wulaƙanta, ta yi ta kuka har ta makance.

Ya iya bayarwa, wannan ba zan hana shi ba. In ya zo kan ƙwaryar muryarsa takan sauka har sai ka matso. Mutane suka yi ta tsaki, suna Allah wadai da matar. Wani mahauci ya ce makanta ma an yi mata sauƙi.

Ni kuwa na zauna kamar an dasa ni. Na tuna yatsansa a bayan ƙwaryar mai fura, na tuna tsagar. Ban sha wahalar tabbatarwa ba, domin wani mai korar jakunan ayarin da ke kusa da ni ya yi mini raɗa cewa a hanyarsu ta zuwa, bayan sun wuce Dandume, mutumin nan ya ratse wata unguwa da abokai biyu, tun daga ranar kuma ba ya cin abincin kirki. Ashe tsohuwar tana nan, a wani gida mai ɗorawa a ƙofa, ba ta da nisa. In aka gama kaka ɗanta zai ƙetare kogi da wannan labari a bakinsa, ita kuma ta mutu ba ta sake ganinsa ba.

Ni ma ɗan fari ne. Tun da na buɗe ido innata ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana so a kira ni takan ce a kira wancan. In na shigo tsakar gida tana hira da mata, takan yi shiru ta duƙufa a kan kaɗinta. Abincina ta hannun ƙanwata yake zuwa. Haka kowace uwa mai kunya take yi da ɗan farinta a ƙasarmu, Musulma ko Bamagujiya, Maguzawa ma sun fi mu tsanantawa. Sababbin ƙore masu zane kuwa a jere suke a ɗaki, ba a sauko da su sai an yi baƙo. Mu 'yan gida a ɗinkakku muke sha. Matar da ta ba baƙo ɗinkakkiyar ƙwarya ta jawo wa kanta abin faɗa har a bakin rijiya.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

“Baba, a gafarce ni. Ta gane shi.”

Ya dube ni ta saman amawali. “Wa?”

“Uwar.”

“Samari, kana wurin?”

Aka yi dariya. Na ce ba na wurin, amma shi ma ya ce a hanya ya tsinci labarin. Dariyar ta ragu. Na tambaye shi yadda saurayin ya sha ruwan farko, ko da rawani a rufe da fuskarsa. Ya ce wane ne ke shan ruwa ta cikin rawani. Na ce to, ta ga tsagar ke nan, kuma daga wannan lokacin ne ta yi shiru. Kafin ya sha tana ba'a da kowa. Bayan ya sha ne ta juya baya, bayan ya sha ne aka sauya masa ƙwarya.

Mahaucin ya ce, “Jakinsa ne ya gaya masa a hanya.”

Wani dattijo dillalin zare, mutum mai natsuwa, ya ɗaga hannu aka saurara. Ya ce mini mutanen cikin labari ba su da zuciya sai harshen mai bayarwa. In ya ce ta sani, ta sani. In ya ce ba ta sani ba, babu wani ɗaki a cikin kanta da zan shiga in binciko. Ya ƙara da cewa ko da a ce ta gane, kunya tana da iyaka, uwar da aka raba da ɗanta tun yana ƙarami in ta gan shi sai ta fasa ihu.

Maganarsa tana da nauyi, na sani, kuma ya girmi mahaifina. Amma na ce masa ban yarda ba. Na ce tun da mai labari ya tsayar da ita a ƙofar gida da ƙwarya a hannu, ya ba ɗanta tsaga irin ta ƙasar nan, to ta zama matar ƙasar nan, abin da matanmu ke nufi da shiru shi take nufi. Na ce mai labari ya ga abin da ta yi, ya kawo mana shi daidai, bai rage komai ba. Abin da ke ranta ne ya yi wa fassara, fassara kuwa ana iya kuskurenta.

Falken ya tashi ya kaɗe rigarsa. Ya ce muddin yaron nan yana cikin inuwar tsamiyar nan, bakinsa ba zai sake buɗewa da labari ba. Ba a yi shawara ba. Hannuwa suka kama ni, na tsinci kaina a rana, takalmina ɗaya ya biyo ni ta sama.

Labari ya riga ni isa gida. Baffa ya zaunar da ni a zaure ya yi mini tatas. Ya ce an aike ni sayar da auduga na je ina koya wa masu furfura yadda ake jin magana. Ya ce kasuwa mai zuwa zan je don babu wanda za a aika, amma in ya ji na taka inuwar tsamiyar nan, ni da kasuwa sai wata shekara. Na ce na ji. Ban ce na yarda ba, ya kuma lura da haka.

Na kwana biyu ina juya abin. Mutanen da suka kore ni duk a cikin al'adar nan aka haife su. Mahaucin nan uwa ce ta haife shi, dillalin nan na tabbata bai taɓa shan ruwa a sabuwar ƙwarya a gidansu ba. Me ya rufe musu ido? Ina tsinkar auduga a gona abin ya faɗo mini. Maganar farko ce. Tun kafin matar ta fito daga gida an riga an gaya musu ba ta gane ɗanta ba. Da wannan a kunnensu suka ji komai. Juya baya ya zama raini, ƙwarya ta zama rowa, daka ya zama rashin kula. Mai sauraro yana samun abin da mutumin labari ya sani ta hanya biyu, daga bakin mai bayarwa da kuma daga abin da ya saba gani a gidansu. Wanda ya riga isowa shi ke zama a tabarma.

Kasuwa ta zagayo. Na cika umarnin Baffa, ban je tsamiya ba. Na wuce layin mata, inda masu fura da masu zare da daddawa ke zama. Na tsuguna gaban dattijuwar nan mai fura, na ce ina da labari, in za ta biya ni da ludayi ɗaya. Ta ce in bayar tukuna a ga ko ya kai ludayi. Na kawo shi yadda na ji shi, ban ƙara ba, ban rage ba, sai maganar farkon nan kaɗai da na bari a aljihu.

Ban ma kai kan fura ba. Ina cewa ya ɗago ya ga ta juya masa ƙeya, wata tsohuwa mai zare ta dafe ƙirji ta ce, “Ayya. Ta ga tsagar.”

Da na zo kan ɗinkakkiyar ƙwarya sai suka riƙa gyaɗa kai, wata tana share ido da gefen zane. Da na ambaci daka, mai furar ta ce ai dole, wa ke daka da rana tsaka in ba tuwon murna za a yi ba. Da na ce saurayin ya tashi ya tafi, layin ya hargitse. Suka yi masa ca kamar yana gabansu. Wata ta ce wane irin sakarai ne za a ba shi ƙwaryar gida ya kama hanya. Wata matashiya mai goyo ce kaɗai ta saɓa, ta ce ita kam da ita ce sai ta rungume shi, kunya ta tafi can. Tsohuwa mai zare ta harare ta, ta ce ihun me za ta yi, yaro ya dawo gida, yana zaune a ƙofa. Maganar ba ta bakinta ba ce. Sai maza sun dawo daga gona, 'yan uwan ubansa su tarbe shi su shigo da shi.

Mai fura ta cika mini ludayi biyu. Tana miƙo mini ta rage murya ta ce ta san inda na samo labarin, ita ma ta ga yadda ake juya mata ƙwarya. Ta ce kasuwa mai zuwa ce ta ƙarshe ga ayarin.

Na san in na koma da baki kawai, takalmina ne zai sake biyo ni. Ranar kasuwar, da safe, bayan na ɗaura wa jaki kaya, na shiga madafa na ɗauko ƙwaryata. Baƙa ce don tsufa, gyartai ya ɗinke ta a wuri biyu, a cikinta nake sha tun ban san kaina ba. Innata tana bakin murhu, ta ga na cusa ta a riga. Ba ta dube ni ba. Ta ce da bango, “A dai dawo mini da ita.”

Na sayar da auduga. Na kai wa mai fura ƙwaryar, ta dama a ciki ba ta tambaye ni komai ba. Na ɗauka da hannu biyu na nufi tsamiya. Falken yana tsakiyar wani labari na daban, mutane sun cika. Da suka gan ni aka fara gunaguni, mahaucin ya miƙe. Na ratsa su ban tsaya ba, na durƙusa a gabansa na miƙa masa. Mutum ba ya ƙin karɓar abin sha daga wanda ya durƙusa, ko da maƙiyinsa ne. Ya karɓa. Yatsansa ya bi bayanta kamar yadda ya saba, ya tsaya a kan ɗinkin.

“Zagina ka zo yi a gaban mutane?”

“Tawa ce, Baba. A cikinta innata ke zuba mini tun ina rarrafe. Baƙo bai taɓa shan komai a cikinta ba, kai ne na farko, ita ma ba ta san wanda na kawo wa ba. Ni ne ɗan farinta. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa miƙo mini abinci da hannunta ba. Tambayi duk wanda ke nan.”

Mahaucin ya koma ya zauna yana duban ƙafarsa. Can dillalin zaren ya yi gyaran murya, ya ce shi ma ɗan fari ne, tsohuwarsa ta rasu bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, ranar da ya dawo daga doguwar jinya ma ɗaki ta shige. Ya ce wannan gaskiya ne, amma har yanzu yana kan bakansa, labari na mai labari ne.

Falken bai dube shi ba. Ni yake kallo. Ban ce labarin kansa ne ba, shi ma bai ce ba, kuma duk wanda ya gane a wurin ya riƙe a cikinsa. A kan matar cikin labari muka tsaya.

“In ta gane shi, don me ta bar shi ya tafi?”

“Ba ta san zai tafi ba. A ganinta ta riga ta gaya masa komai, da bayanta da ƙwaryarta. Abu ɗaya ne ba ta sani ba, cewa ya tashi inda babu wanda zai koya masa jin irin wannan magana.”

Ya daɗe riƙe da ƙwaryar. Na ɗauka zai sha, domin a labaran da na taso da su a nan ne ake sha, a fashe da kuka, a rungumi juna. Bai sha ba. Ya ajiye ta a ƙasa a hankali, ya gyara amawalinsa, ya ce labarinsa ne, kuma a labarinsa matar ba ta gane ɗanta ba. Ya tashi ya nufi zango, ya bar wancan labarin da ya faro a tsakiya. Mutane suka juyo kaina da haushin abin da na katse musu. Na ɗauki ƙwaryata na shanye furar a gabansu, sannan na tafi.

Baffa ya cika alkawarinsa. Sauran kakar da ranin duka a gida na yi su, ina yankan kara ina gyaran rumbu, ƙanena ke kai auduga. Kullum ya wuce ni yakan tambaya ko na gane kuskurena, ni kuma in ce ta gane shi. Har ya gaji ya daina tambaya. Na mayar da ƙwaryar inda take. Washegari ƙanwata ta kawo mini fura a cikinta, da nono fiye da na kullum. Ayari ya tashi, na ji. Ko da falken a ciki ko babu, ba wanda ya iya gaya mini.

Halin bai bar ni ba. Har yau da furfurata, in mai labari ya ce wance ba ta sani ba, ko wane bai lura ba, sai na duba abin da hannuwansu suka yi kafin in yarda. An sha korata daga inuwa bayan wannan, ban kuwa taɓa yin nadama ba.

Shekaru suka wuce, na yi aure, na zama ni ke yawon sayen auduga a ƙauyuka. Wata kaka na bi ta Funtua na yi yamma, ƙishirwa ta kama ni a wata unguwar Maguzawa. Na ratse wani gida mai ɗorawa a ƙofa. Gonar da ke gefensa ce ta fara ba ni dariya, kunyoyinta a karkace kamar maciji ya bi ta kansu. Mai gonar yana zaune a gindin ɗorawar yana jan carbi, babu rawani, tsagarsa a fili. Falken nan ne, ya gane ni kafin in gane shi.

“Mai jaki,” in ji shi. “Har yanzu kana katse wa manya magana?”

Ya ba ni wuri. Daga ƙofa na hango wata tsohuwa tukuf a tsakar gida, ta ba mu baya, tana kaɗi. Idonta garau, zarenta siriri. Na ji ta ce da wata mata, “A kai wa baƙon wancan ruwa.” Matar falken ce ta kawo, ni a sabuwar ƙwarya mai zane, shi a tsohuwa baƙa. Bai juya ta ba.

Ya ce mini ranar da ayari ya tashi ya bi su har suka wuce Funtua, yana faɗa wa kansa ba zai ratse ba. Sai ya ce bari ya je don ya tabbatar yaron nan ƙarya yake yi. A wannan karon da yamma ya isa, maza suna gida. Ƙanin ubansa ne ya fito, ya ga fuskarsa, ya zauna a ƙasa. Shi ya gaya masa abin da ya faru ranar farko. Sun dawo daga gona suka tarar an yi daka an kama akuya, tsohuwar ta ce musu, ba ta dubi kowa ba, “Wancan ya dawo.” Suka ruga ƙofa, ba kowa sai tabarma da fura a ƙwarya. Sun bi sawu har duhu ya hana su.

Na ce to, ashe ta gane shi. Ya ce in je in tambaye ta mana, shi dai har yau ba ta faɗa masa ba. Ya ce kuma kada in ɗauka na ci gardama, wannan tsohuwarsa ce, waccan kuwa matar cikin labari ce, tasa ce, yadda ya ga dama zai yi da ita. Muka yi ta musu har rana ta karkata, matarsa tana dariya a bayan zana.

Bai koma fatauci ba. Dukiyarsa ta tafi a shanun noma da fansar wasu 'yan unguwar da ya san inda aka kai su. Tsohuwar ta yi wasu damuna a bayan zuwana, ta rasu a ɗakin da ya gina mata. Shi kuma ya zauna a nan, yana sallarsa a gindin ɗorawa, danginsa suna al'adarsu a cikin gida, noma bai taɓa iya shi ba har tsufa. Mutanen Dandume sun ce mini yakan zo kasuwarsu ya ba da labari, har da na matar nan, amma ya daina faro shi da maganar farko, yakan fara ne daga ranar da mahara suka zo. A unguwar ya rasu, limamin ƙauyen da ke kusa ya zo ya yi masa salla, aka binne shi a gefen gonarsa.